Tsutsar da Ke Kifar da Ayaba

Daga cikin halittun da Allah Maɗaukakin Sarki ya ɓoye a ƙarƙashin ƙasa akwai wata tsutsa siririya wadda ido ba ya riskarta sai da madubin masana, wadda wani masani mai suna Nathan Cobb ya fara bayyana siffarta a saiwar ayabar tsibiran Fiji a shekarar 1893. Takan huda saiwar ta haƙa rami a ciki, naman ya yi ja, sannan ya yi baƙi ya ruɓe, har idan ayaba ta ɗauki nono mai nauyi, iska kaɗan ta isa ta kifar da ita. 'Yar'uwarta mai cin saiwar lemo kuwa sannu take ɓarnarta, ganye ya ƙanƙance, 'ya'ya su ragu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gubar DBCP da aka yi ta zubawa a gonakin Kosta Rika da Nikaraguwa don kashe tsutsar ayabar, ta hana ma'aikata masu yawa haihuwa, alhali tun 1977 illarta ta tabbata a Amurka. Don haka a fahimtata wajibi ne a karkata ga maƙiyan tsutsar na asali, irin wani naman gwari da ake kira Purpureocillium lilacinum mai kutsawa cikin ƙwanta ya cinye, ko da yake aikinsa na bukatar haƙuri da taki wadatacce. Kafin dasawa kuma, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta koyar da a feraye tushen ɗan ayaba, a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30 don kashe tsutsar.