A Bar 'Yan Mata Su Motsa Jiki



A garin Shamoni na Faransa, gindin dutsen Mont Blanc, inda Turawa kan je hutun hunturu, aka fara gasar Olamfik ta wasannin ƙanƙara a 1924. Akwai wasan da mutum kan ɗaura dogayen katako biyu a ƙafa, ya sulalo daga tudu ya yi tsalle. Mata aka hana su, wai dirar za ta lahanta musu mahaifa. Sun kai ƙara kotu a Kanada, aka yanke hukunci a 2009, ba su dace ba. Sai a 2014 aka bar su a Sochi ta Rasha, Carina Vogt ta Jamus ta ci zinariya. Shekara 90 a kan zance marar tushe!

To, da irin wannan zance ne wasunmu kan hana 'ya'yansu mata guje-guje a makaranta. Ke uwa, daka da surfe da ɗiban ruwa ba su hana ki haihuwa ba, sai wasan rabin awa? Ki ɗinka mata sutura ta mutunci, ki bar ta ta shiga fili. Ke kuma 'yar makaranta, ki daina ƙaryar ciwon ciki ranar wasa. Lafiya uwar jiki ce. Allah ya sa mu gane.