MU SAN KALMA: "Borrow" da "Lend", wa ke bin wani?

A wannan wata za mu duba kalmomi biyu na Ingilishi. Wani zai ce, mu da ke Adar ina ruwanmu da Ingilishi? To, tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ban da haka, da an gama girbi samarin Ibohaman, da na Keita, da Buza, da Madawa sai su kama hanyar Kwanni, su tsallaka Illela, su nufi Sakkwato ko Kano ko Legas ci rani. Can kuwa takardar bashi da Ingilishi ake yawan rubuta ta.

Kalmomin su ne "borrow" da "lend".

Mu Hausawa abin da muke dubawa shi ne kayan. In ka karɓi jakin maƙwabcinka ko amalankensa don kai taki gona, aro ne, shi ɗin dai za ka mayar. In ka karɓi tiya goma ta hatsi ko jika biyar, rance ne, za ka ci, ka biya da wani. Amma wanda ya ba da wanda ya karɓa kalma guda suke riƙe da ita: na ara, na ara masa, na ranta, na ranta masa.

Bature bai damu da jaki ne ko hatsi ba. Shi hannu yake dubawa. Mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend". Ta farko tana tafiya da "from", wato daga wurin wane. Ta biyu da "to", wato zuwa ga wane. Waɗanda suka yi lakwal za su tuna haka Faransanci ma ya raba su, "emprunter" da "prêter".

Ga inda tarkon yake. A kasuwannin Najeriya za ka ji ana cewa "borrow me money", ana nufin ranta mini kuɗi. A baki kowa ya gane, ba wanda zai yi maka dariya. Amma takarda ba ta san wannan ba. A ce ɗan Ibohaman ya sayar da albasarsa a Kano, wani abokin ciniki ya roƙe shi rancen rabin kuɗin, aka kira yaro ya rubuta shaida. Yaron ya bi maganar kasuwa, ya sa sunan mai albasa, ya bi shi da "borrowed". Mai albasa ya dangwala yatsa, ya koma gida da murna. Ran da aka je gaban alƙali, takarda za ta ce shi ake bi, alhali kuɗinsa ne suka fita.

Saboda haka kafin ka dangwala, sa a nuna maka inda sunanka yake. In kai ka ba da kuɗin, "lender" ya kamata ka gani kusa da shi, ko kuwa "lent", wato ya riga ya ranta. In ka ga "borrower" ko "borrowed", kai ne da biya. A ganina ma ya fi kyau a sake rubuta ta da Hausa a bayan takardar, da boko ko da ajami, shaidu biyu su sa hannu.

Wata mai zuwa za mu duba "loan" da "grant", don 'yan koperatif masu noman rani a bakin barajin Ibohaman.