Tsohuwar Motarka Ba Ta da Laifi, Duba Abin da Aka Cire Mata

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, hirar masu mota ta sauya. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da dama. Ma'aikata sun jingine motocinsu a ƙofar gida, ƙura ta rufe su. Wasu sun kai wa dillalai sun karɓi abin da ya samu. Dalilin kowa ɗaya ne: ta tsufa, ta cika shan mai.

Ni Peugeot 406 nake hawa, kuma ban yarda tsufa ne babban laifin ba. Yawancin motocin Kwatano da ke titunanmu, su Golf da Vectra da tsohuwar Honda, ba haka suke zuƙar mai ba a ƙasashen da aka ƙera su. Mu ne muka koya musu, a zamanin da mai ke araha, ba mai damuwa da lita biyu ko uku da ta salwanta.

Mu fara da filtar mai, tunda ita ce aka fi mantawa da ita. Ƙaramin gwangwani ne tsakanin tanki da inji, aikinsa tare tsatsa da yashi da dauɗa, kamar yadda ake tace gasara da ƙyalle. A 406 da Golf 3 tana ƙarƙashin mota, kusa da tanki. A wasu motocin da suka biyo baya tana cikin tankin, haɗe da famfon mai. Za ka tarar da mutum ya shekara biyar da mota, yana juyen baƙin mai a kan kari, amma bai taɓa tambayar inda filtar take ba. Alhali man da muke sha ba mai tsabta ba ne kullum. Wanda ya taɓa tsayawa wurin 'yan bumburutu ya ga jarkar da mazurarin da ake zuba masa. Tankunan ƙasa na wasu gidajen mai suna tara ruwa da laka. Ba mu kuma manta da farkon 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka yi ta lalacewa, layi ya dawo gidajen mai.

Idan filta ta toshe, mota kan faɗa maka da kanta. Ka taka totur a hawa ta riƙa shiɗewa, ka zo wuce tirela ƙarfinta ya ɗauke, da safe sai an yi ta murza makulli. Famfon mai kuma yana ta kuka a baya, domin yana tura mai ta hanyar da ta cushe, har ya ƙone. Kuɗin famfo ya ninka na filta sau da yawa. Canjin filtar kansa ba wani dogon aiki ba ne, sai dai yana son natsuwa. A cire fis ɗin famfo, a tayar da mota ta mutu da kanta don matsin man ya sauka, a cire kan batir, a nisanci wuta da sigari. Akwai kibiya a jikin filtar, dole ta fuskanci inji. Na ga yaran gareji suna cire tsohuwa su busa ta da baki su mayar. Wannan ba gyara ba ne, takardar da ke ciki ta riga ta sha dauɗa.

Amma a nan zan saɓa da makanikai da yawa. Sukan ce, "Alhaji, canza filta kawai, za ka ga mai ya daina tafiya." A motar da toshewar ta sa injinta ke fashe-fashe, za a ga bambanci. A motar injekta mai lafiya kuwa, sabuwar filta tana kare famfo da nozul ne, tana dawo da ƙarfi, amma ba ita ce za ta rage maka kuɗin mai sosai ba. Ɓarnar tana wani wuri.

Tana wurin tamostat. Kusan duk motar da ta sauka ƙasar nan, abin da ake fara yi mata shi ne a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa daga tayarwa har kashewa. Hujjar ita ce wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Wannan magana ta ci kuɗin mutane fiye da yadda suke zato. An ƙera inji ya yi aiki da zafin da ya kai wajen digiri 90, tamostat ne ke riƙe ruwa har zafin ya kai, sannan ya sake shi zuwa lagireto. Idan babu shi, inji na daɗewa bai ɗumama ba, musamman da asubahin hunturu a Kano ko Jos. Ƙwaƙwalwar motar kuma, muddin tana ganin inji da sanyi, ƙara mai take yi. Mai mota na kallon allurar zafi a ƙasa yana jin daɗi, bai san fetur ɗinsa ne ke fita ta salansa ba. Motocin da ke yawo a Saudiyya da Dubai, inda zafi bai gaza namu ba, da tamostat ɗinsu suke. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba murfinsa da famfon ruwa da fanka. Nan ciwon yake.

Wurin ɓarna na biyu shi ne abin da 'yan gareji ke kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Ana fasa ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, wani lokaci mai motar bai ma sani ba. A wajen wannan aiki ake lalata na'urar da ke auna iskar hayaƙi, ko a tsinke wayarta. Ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota ta rage mai ko ta ƙara. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce gyara wannan na'ura idan ta lalace na iya inganta tafiyar mai da abin da ya kai kashi 40 cikin 100. Mu kuwa idan fitilar gargaɗin inji ta kama, sai a cire ƙwan ko a liƙe ta da baƙin salatif. Ina roƙon duk mai irin wannan mota ya biya a sa mata kwamfuta a karanta abin da take ƙorafi a kai.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa: tayar da ba ta da isasshiyar iska, fulogin da ya cinye, birkin da ke kamawa, buhunan da suka kwana wata a but, da filtar iska da ƙurar hunturu ta cika. Adadin iskar taya yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, ba a bakin mai faci ba. Sai ɗabi'ar zuba na dubu uku-uku, wadda na san talauci ne ya kawo ta. Famfon da ke cikin tanki da fetur yake sanyaya jikinsa, idan kullum allura na kan ja, kwanansa ya ragu.

Kafin ka kashe ko sisi, auna. Cika tanki, rubuta lambar kilomita, yi harkokinka, ka sake cikawa, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Bayan kowane gyara ka maimaita. Da wannan lissafi ba wanda zai sayar maka da ruwan kwalba ko wani maganaɗisu da sunan yana rage shan mai.

Na san gwamnati na kiran mutane su koma gas na CNG, kuma ba na adawa da hakan. Sai dai kuɗin juyawar ya fi ƙarfin malamin firamare, tashoshin gas ɗin kuma ba su kai garuruwa da yawa ba. Abin da ke hannunmu yau shi ne kayan gyara na ƙwarai da makanike mai sani. A kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka za a ajiye maka filta iri uku, kwalinsu ɗaya, ta cikinsu mai araha wani lokaci ba abin kirki a cikinta. Araha ba ta ado, amma mai saye ba shi da hanyar ganewa, aikin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ne ta tsaya a kan wannan. Ƙungiyar makanikai ta NATA kuma, wadda ke da rassa a garejojinmu, ta tara iyayen gidan gareji ta yi musu bayanin tamostat da na'urar hayaƙi, domin yaron da ke koyon aiki yau abin da ya ga ubangidansa na cirewa shi zai cire a motoci ɗari masu zuwa.