Jirgi bai zo Kance ba, amma Kance ta san jirgi

Yau ka iya haɗa baƙi da wasali. Ka iya rubuta sunanka, ka iya karanta takardar asibiti, ka iya lissafin kasuwa cikin kaye. To, ga wani aiki da nake so ka ɗauka da wannan sabon alƙalami naka: ka rubuta tarihin garinmu tun masu saninsa suna da rai.

Zan fara da jirgin ƙasa. Na san za ka ce: "Mu da jirgi ina? Ai ba a taɓa shimfiɗa dogo a Kance ba." Gaskiyarka. Babu tashar jirgi a nan, babu a Matamaye, babu ko a Damagaram. Duk da haka jirgin ya taɓa gonar kakanka, ya taɓa tukunyar kakarka. Saurara ka ji.

Kafin zuwan jirgi

A da, babbar hanyar fatauci arewa ta nufa. Ayarin raƙuma yakan tashi daga Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas, ya ƙetare hamada har Turabulus. Ana kai fatu da gashin jimina da turkuɗi, har da bayi. Ana dawowa da tufafi da takarda da makamai. Tafiyar watanni ce. Da wannan fatauci Damagaram ta yi ƙarfi, musamman zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya rasu a 1884.

A shekara ta 1911 Turawan Ingila suka kai dogo Kano. A 1912 jirgi ya fara jigilar kaya zuwa Ikko, wato Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Kayan da raƙumi ke kaiwa bakin teku cikin watanni, jirgi ya riƙa kai su cikin kwanaki, kuma da araha. Sai hanyar hamada ta mutu sannu a hankali. Fatake suka juya fuska kudu.

Gyaɗa ta bi dogo

Turawan Ingila auduga suke so, don masaƙunsu. Amma manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafi. Suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Sai suka koma gyaɗa. Buhuna suka yi yawa har jirgi ya kasa kwashe su a kan lokaci, aka riƙa tara su kamar duwatsu. Ita ce dalar gyaɗa da kake ji, wadda ake haɗa sunanta da Alhassan Ɗantata, attajirin da ya rasu a 1955. Daga baya aka ƙara dogo zuwa Ƙaura Namoda a 1929, da Nguru a 1930.

A nan gefenmu Faransa ke mulki, kuma da kuɗi take son lanho, wato haraji. Ina talaka zai sami kuɗi? Sai ya noma abin da kamfanin Bature ke saye. Haka gyaɗa ta bazu a ƙasashen Magarya, Matamaye, Kance, Tasawa da Maraɗi, musamman daga shekarun 1930. Manomi ya ɗora wa jaki, ya kai kasuwa. A aza a sikeli, a ɗinke buhu. Mota ta ɗauka zuwa Kano, a zuba cikin tarago sai Ikko. Daga can jirgin ruwa ya kai Turai a matse mai.

A 1953 Faransa ta buɗe wata hanya ta ƙasar Dahome, wadda ake kira Benin yau. Motoci su kai Paraku, jirgin ƙasa ya kai Kwatano. Amma mu mutanen gabas, Kano ta fi mana kusa. Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don sayen gyaɗa. A Matamaye ma akwai masana'antar matsar man gyaɗa a wancan zamani.

Ba gyaɗa kaɗai ta bi dogo ba. Samari ƴan cin rani sukan gangara Kano, wasu su hau jirgi zuwa Zariya, Kaduna, Jos wurin haƙar kuza, ko Ikko. Su dawo da keke, da fitila, da atamfa, da labarin duniya.

Sai fari ya zo a 1973 da 1974. A 1975 wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta cinye gyaɗa a gonaki. Kasuwarta ta durƙushe, yuraniyom ɗin Arlit ya maye gurbinta a kan gaba cikin kayan da Nijar ke sayarwa waje. Ka ga ke nan, daga 1911 zuwa 1975 akwai labari mai tsawo, kuma namu ne.

Me ke ɓacewa?

Yi wannan lissafi da kanka. Wanda ke da shekara 20 a 1960, yau ya haura 80. Mutum nawa suka rage a unguwarku masu irin waɗannan shekaru? Su ne suka ga sikelin gyaɗa da idonsu. Su suka san wa ya haƙa tsohuwar rijiya, ina kasuwa take kafin a matsar da ita, wace shekara aka ci yunwa. Duk ranar da aka kai ɗayansu makwanci, wani labari ya tafi da shi, ba ya dawowa.

Kaya ma suna ɓacewa. Tsohon sikeli yana tafiya hannun masu sayen tsohon ƙarfe. Takardar lanho ta zamanin Bature, mai ƙosai ta naɗe ƙosai da ita. Wasiƙun ajami suna cikin adaka, gara na ci. Tsofaffin soraye masu zanko da azara da zane a fuska, ana rushe su ana sa siminti da kwano. Ba laifi ba ne mutum ya gyara gidansa. Amma in za a rushe, a ɗauki hoto tukuna, a rubuta sunan maginin da ya yi aikin.

"Tarihi ba ya cika ciki"

Wani zai ce: "Malam, muna fama da tsadar hatsi, kai kana zancen tsohon ƙarfe?" Maganarsa abar dubawa ce, don mai jin yunwa ba ya jin kira. Amma ga amsa uku.

Ta ɗaya, rigimar ƙasa. Sau nawa ka ga an yi shari'a a kan iyakar gona, ko burtali, ko mashaya? Alƙali da sarki sukan nemi dattijon da ya san asali. In dattijon ya rasu ba a rubuta ba, sai mai ƙarfin baki ya ci. Rubutun da aka yi gaban shaidu yana iya kashe wutar da za ta tashi bayan shekara talatin.

Ta biyu, jirgi na sake matsowa. A 2021 Najeriya ta ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284. An tsara ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Daura kuwa maƙwabciyarmu ce, in ka bi ta Matamaye ka ƙetare iyaka a Kwangwalam. To, wa zai ci ribar wannan dogo? Dattawanmu sun taɓa ganin irin wannan rana. Sun san wa ke yanka farashi a kakar gyaɗa, da wa ke riƙe da sikeli. Sun san abin da ya sami gidan da ya cika gona da gyaɗa ya rage gero, sa'ad da fari ya zo. Wannan ilimi ne na cika ciki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ka tuna kuma da dogon Yamai zuwa Doso. An fara shi a 2014, aka kai shi Doso a 2016, kimanin kilomita 140, amma bai yi jigilar mutane da kaya ba kamar yadda aka sa rai. Ashe shimfiɗa ƙarfe daban, amfanin talaka daban. Wanda ya san jiya ya fi iya yi wa manya tambaya mai ma'ana yau.

Ta uku, ƴaƴanmu. A lakwal suna koyon sunayen manyan sarakuna da manyan birane. Wannan da kyau. Amma littafin lakwal ba zai faɗi sunan unguwarku ba, ko sunan matar da ta ciyar da marayu shekarar yunwa. In mu ba mu rubuta ba, wa zai zo daga Yamai ko Faransa ya rubuta mana?

Wasu sun riga mu

Dubi maƙwabta. Daura ta killace rijiyar Kusugu, baƙi na zuwa kallo. Kano ta mayar da Gidan Makama gidan tarihi. A Jos an ajiye ƙananan kawunan jirgi na tsohon dogon Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957. A Ebute Meta ta Legas an gyara wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe, aka zuba hotuna da kayan aikin jirgi a ciki. A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa tun 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama. Akwai kuma cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka. Malam Andire Salifu ya fitar da littafi a kan Damagaram a 1971, kuma bakin dattawa na cikin abin da ya dogara da shi.

Mu ba mu da kan jirgi da za mu ajiye. Namu gadon jirgi shi ne sikeli, da buhu, da tsohon sito, da bakin dattijo. Kada ka raina su.

Yadda za ka yi

Aikin ba ya son kuɗi da yawa. Kaye ɗaya da bik ɗaya sun isa.

1. Zaɓi dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya. Ka je da ladabi, ka gaishe shi, in da hali ka riƙa masa goro. Ka ce: "Baba, na zo neman sani ne." Ka nemi izini kafin ka rubuta.

2. A saman shafi ka sa sunansa, da unguwarsu, da ranar da kuka yi hira.

3. Yi tambaya ɗaya ɗaya. Ina ake awon gyaɗa? Nawa ake sayen buhu? Wa ya fara zuwa Kano a gidanku? Ya ga jirgi? Me ya kawo?

4. Dattijo ba ya riƙe shekara da lamba. Taimake shi da manyan abubuwa: kafin mulkin kai na 1960 ne ko bayansa? Kafin Kunce ya hau mulki a 1974? Kafin farin 1984?

5. Rubuta yadda ya faɗa, kada ka ƙara gishiri. In dattawa biyu sun saɓa, rubuta duka biyu, kowa da sunansa.

6. In kana da salula, ɗauki muryarsa da hotonsa. Amma ka rubuta a takarda ma, don salula takan ɓata ko ta lalace.

7. A kwafe sau biyu. Ɗaya a gidanka, ɗaya wajen malamin aji. A sa cikin leda da akwatin ƙarfe saboda gara da ruwa.

Ke kuma ƴar'uwa, akwai ƙofar da ke kaɗai za ki iya shiga. Tsohuwa ba za ta buɗe wa namiji cikinta ba kamar yadda za ta buɗe miki. Mata ne suka ɓare gyaɗa, suka soya, suka matse mai, suka yi ƙuliƙuli. Su suka riƙe gida sa'ad da maza suka tafi cin rani. Ki ce mata: "Inna, yaya kuka yi shekarar yunwa?" Ki rubuta. In babu muryar mata, rabin labari muka samu.

A faɗi daɗi, a faɗi ɗaci

Tarihi ba kirari ba ne. A cikinsa akwai bauta, akwai aikin dole na zamanin Bature wanda doka ta soke a 1946, akwai zaluncin awo, akwai gudun lanho zuwa ƙetaren iyaka. A rubuta su, don yaro ya san abin da kakansa ya sha. Amma kada a mai da kaye sandar dukan wani gida. Ba don gori muke wannan aiki ba. Abin da dattijo ya ce asiri ne, a bar shi asiri.

Kira ga manya

Ina roƙon mai martaba sarki da magajin gari su duba wannan magana. Ɗaki ɗaya ya isa a fara, ko kusa da fada ko cikin lakwal. A ajiye kayen ɗalibai, da tsofaffin hotuna, da sikeli, da tiya, da kayan saƙa da na ƙira. Mai kaya ya ba da aro, a rubuta sunansa a jiki. Gidan rediyo ya riƙa karanta shafi ɗaya kowane mako, masu saurare su gyara in an yi kuskure.

Amma kada ka jira sai manya sun motsa. In ajinku mutum ashirin ne, kowa ya kawo shafi biyar, kun sami littafi mai shafi ɗari. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Cikin makon nan ka sayi kaye, ka je wajen dattijon da ya fi kowa shekaru a unguwarku. Kada ka ce sai bayan kaka.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. A wace shekara dogo ya isa Kano, kuma me ya sami hanyar hamada bayan haka?
2. Me ya sa manoman ƙasarmu suka rungumi gyaɗa?
3. Wane tsohon abu ne a gidanku ko unguwarku ya kamata a adana?
4. Rubuta sunan dattijo ko tsohuwar da za ka fara yi wa tambaya, da tambayoyi uku da za ka yi.