Ka mayar da gidanka shotlet, inshorarka ta san da haka?

1/ Jama'a, masu ba da hayar gida na kwana ɗaya ko biyu, abin nan da ake kira shotlet, ku matso. Da yawanmu muna barci da minshari don muna da inshorar gida, alhali takardar da ke hannunmu ta daina kare mu tun ranar da baƙon farko ya karɓi makulli. Ni ganau ne. Zare 🧵

2/ Ina da ɗan fulat a Abuja. Da aiki ya mayar da ni Kaduna sai na zuba masa kaya na fara ba masu zuwa biki da taro. Kuɗi na shigowa, alhamdulillah. Inshorar gobara da sata da na yanka tun ina zaune a ciki kuwa, duk shekara ina sabuntawa ba fashi.

3/ Wata rana wasu baƙi suka ɗora girki a kan gas suka fita. Kafin maƙwabta su ankara kicin ya ƙone, silin falo ya zubo, hayaƙi ya ɓata fulat ɗin sama. Allah Ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Kuɗin ajiyar ɓarna da na karɓa a hannunsu ko fenti bai saya ba.

4/ Na je kamfanin inshora da ƙwarin gwiwata. Jami'in ya yi min tambaya ɗaya: "Alhaji, wa ke cikin gidan ranar?" Na faɗi gaskiya. Ya buɗe takardar ya nuna min inda aka rubuta cewa gidan zama ne na mai shi da iyalinsa. Ni kuma na mayar da shi wurin kasuwanci ban sanar ba. Ba diyya.

5/ Na yi fushi sosai, har na ce damfara ce. Da na huce na gane laifina ne. Ƙa'idar inshora ita ce ka bayyana duk abin da zai ƙara haɗari. Gidan da iyali ɗaya ke ciki daban, gidan da baƙuwar fuska ke shiga duk mako daban. Kuɗin da na biya na gida na farko ne, ba na biyun ba.

6/ Ramin bai tsaya a gobara ba. Sata: yawancin takardun inshorar sata suna biya ne in an ɓalle ƙofa ko an fasa taga an shiga da ƙarfi. Baƙon da ka miƙa wa makulli da hannunka ya ɗauke talabijin, me ya fasa? Babu.

7/ Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne rauni. Baƙo ya zame a banɗaki ya karye, ko hita ta ja shi, ko hayaƙin janareta ya shiga ɗaki suna barci. Duk mun san yadda hayaƙin nan ke kashe mutane a ƙasar nan. In iyalinsa suka je kotu, kai za a nema, kuma inshorar gini ba ta biyan wannan sai in an rubuta.

8/ Wani zai ce ai ni ta Airbnb nake, suna da AirCover. Gaskiya ne, suna tallata kariyar ɓarna har dala miliyan 3 da inshorar rauni ta dala miliyan 1. Amma su da kansu sun ce kariyar ɓarnar ba inshora ba ce, kuma ba ta maye gurbin inshorar gidanka. Akwai kuma wa'adin kwana 14 na shigar da buƙata.

9/ Sannan tana aiki ne kawai ga wanda ya kama ɗaki ta manhajar. Mu faɗa wa juna gaskiya: baƙinmu nawa ne ke zuwa ta nan? Yawanci WhatsApp ne, Instagram ne, ko dillali. Har wanda ya zo ta manhaja mukan ce gobe ya kira mu kai tsaye don gudun kamasho. Ka tsira da kamasho, ka zubar da kariya. Nawa baƙin ta WhatsApp suka zo.

10/ Doka ma ba ta bar mu ba. Tun a 2003, Dokar Inshora ta wancan lokacin a sashe na 65 ta wajabta inshora ga ginin jama'a, kuma ta sa ginin da ɗan haya ko mai sauka ke ciki a wannan layi. Wato gidanka ya canza matsayi ko kai ba ka ji a jikinka ba.

11/ In kuma hayar gidan ka kama kake bayarwa, matsala biyu ce. Duba yarjejeniyarka da mai gida, da yawa sun hana. Inshorarsa ta gininsa ce, ba ruwanta da kujerunka da na'urar sanyaya ɗakinka.

12/ Abin yi? Rubuta wa kamfaninka cewa kana saukar da baƙi na kuɗi. Tambaye su abu huɗu: gobarar da baƙo ya jawo, satar baƙo, raunin baƙo ko maƙwabci, da asarar kuɗin haya lokacin gyara. Amsar ta zo a rubuce a cikin takardar. "Ba komai, Alhaji" ta waya ba ta biyan ko sisi.

13/ Tabbatar kamfanin na da lasisin NAICOM. Mai shakkar inshora ta fuskar addini, akwai takaful, amma nan ma sai ka faɗi gaskiyar abin da kake yi da gidan.

14/ E, kuɗin zai ƙaru. Ka sa shi cikin farashin kwana kamar yadda kake sa dizal da wanki. In ribar ba za ta ɗauki inshorar da ta dace ba, to dama babu riba, sa'a kake ci. Tawa ta ƙare ne a kan tukunya ɗaya. Ka ɗauko takardarka yau ka karanta. Allah Ya tsare mana dukiya da rayuka.