A Daina Yabon Littafi Da Cewa Ya Isa Fim

Akwai wani yabo da ya zama ruwan dare tsakanin masu karanta littattafan Hausa, wanda da ni marubucin labari ne aka yi mini shi, sai in ɗauka zagi ne a kaikaice. Da zarar littafi ya samu karɓuwa sai ka ji ana cewa, "Wallahi wannan fim ya kamata a yi da shi." Daga nan an rufe maganar littafi, an buɗe ta rabon 'yan wasa. Alhajin nan Ali Nuhu ne zai hau, saurayin talaka a ba Sadiq Sani Sadiq, yarinyar da aka zalunta Nafisa Abdullahi, uban kuma Rabi'u Rikadawa, uwar miji kuwa sai a yi ajiyar zuciya a ce da marigayiya Daso tana raye da ba a nemi wata ba. A yi ta musu har dare ya raba, a watse ba wanda ya ce uffan game da yadda aka rubuta labarin.

Da makaranta ne kaɗai ke wannan wasa da sai in ce nishaɗinsu ne. To marubutan da kansu sun shiga. Yanzu kafin a saki shafin farko a WhatsApp ko Wattpad, an riga an lalubo hoton wata 'yar wasa, ta Kano ko ta Indiya, an rubuta sunan tauraruwar labarin a ƙasansa. Wanda ke zaune a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ko Hausawa a Kano ba sai an gaya masa inda wannan buri ya dosa ba. Titin Gidan Zoo yana nan kusa, benaye cike da ofisoshin 'yan fim da ɗakunan tace hoto da na ɗaukar waƙa. Ka gangara kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni ka tsaya gaban teburin mai turi: kwamfuta a buɗe, wayoyi huɗu ko biyar a jone, ana loda musu sabon zangon fim mai dogon zango, mutane na tsaye suna jira. Matashiyar da ke rubuta labari da yatsa a wayarta tana ganin wannan layi, ta san inda jama'a suke, ta san inda suna yake.

Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce karatu ya mutu, kallo ake yi, saboda haka fim ne kaɗai zai ceci littafi. Wannan magana an gwada ta a Kano, kuma mun ga yadda ta ƙare. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, marubuta na cikin waɗanda suka yi wa harkar fim ɗin bidiyo ɗan ba. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da In Da So Da Ƙauna fim a 1994. Bala Anas Babinlata ya yi haka da Tsuntsu Mai Wayo, Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa ma ya bi sahu. Aka ɗauki Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, aka ɗauki Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu a 1998. Sai Sangaya ya fito a 1999, 'yan kasuwa suka gane cewa waƙa da rawa ke sayar da kaset. Daga nan furodusa bai ƙara bukatar littafi ba, fim ɗin Indiya ya ishe shi ya wanke. Littafin da ya goyi fim yana jariri, da fim ya yi ƙafa ko waiwayensa bai yi ba. Abin da harkar ta riƙe shi ne marubucin, a matsayin ɗan ƙwadago da ake ba jigo a ce ya cika shi kafin ranar fita aiki.

Ba asarar kasuwa ce ta fi damuna ba. Abin da wannan buri ke yi wa rubutun kansa ya fi muni. Marubucin da ya fara da fuskar 'yar wasa ya sallama rabin aikinsa tun kafin ya soma. Shi ya sa ka buɗe littafi goma ka tarar da yarinya ɗaya: fara sol, dogon hanci, dara-daran idanu, gashi har gadon baya. Saurayin kuwa miskili ne mai kuɗi, ba ya dariya, mota ta kaza, agogo na kaza. Shafi uku ana lissafin kayan falo da lefe, kamar takardar da za a miƙa wa mai shirya wurin ɗaukar hoto. Kamara na iya ɗaukar duk wannan cikin daƙiƙa biyu, kuma ta fi alƙalami iya shi. Marubucin ya je ya tsaya a filin da tabbas za a kayar da shi, ya bar nasa filin fayau.

Nasa filin shi ne cikin zuciya. Ɗauki Rabi ta Alhaki Kwikwiyo. Mace mai 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro Delu, ya kore ta da ita da 'ya'yan, ta koma dafa abincin sayarwa tana biyan kuɗin makaranta da abin da tukunya ta kawo. Da duniya ta juya wa mijin baya, aka taru a kanta sai ta koma. Wanda ya karanta littafin, in ka tambaye shi kamannin Rabi, da wuya ya kawo su. Abin da ya riƙe shi ne lissafin da take yi na kuɗin cefane, da ɗacin komawar da ba ita ta zaɓa ba. Kowace mai karatu ta sa mata fuskar gwaggonta ko ta maƙwabciyarta ta soron gaba. Da wannan ƙarfin ne littafin ya kai Indiya, inda kamfanin Blaft na birnin Chennai ya buga fassarar da Aliyu Kamal ya yi masa zuwa Ingilishi a 2012. Ba wanda ya tambaye su wace ce ta hau Rabi. Ranar da ka liƙa hoton tauraruwa a bango ka ƙwace wa mai karatu wannan dama, ka ba shi wata da ya riga ya san motarta da rigimarta ta Instagram.

Gabriel García Márquez, marubucin Kolombiya, ya ƙi yarda a yi fim da babban littafinsa na shekaru ɗari na kaɗaici har ya mutu a 2014, sai bayan shekara goma Netflix ta fitar da shi da amincewar 'ya'yansa. Ba ƙin fim yake yi ba, shi kansa ya rubuta wa 'yan fim labarai. Ya san bambancin sana'o'in biyu ne kawai.

Sai kuma sharhi, wanda shi ne ya fi jin jiki. A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya far wa littattafan soyayya, ya laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano. Ibrahim Sheme ya buɗe wa muhawarar fili a jaridar New Nigerian, Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka mai da martani, aka yi shekaru ana fafatawa. An yi zafi, an ɓata wa juna rai, kuma ban yarda da duk abin da Malumfashi ya faɗa ba. Amma kan littafi ake faɗan: jigonsa, Hausarsa, ƙa'idar rubutunsa, ko zai rayu ko ba zai rayu ba. Marubutan littattafan soyayya na ƙungiyar Raina Kama sun san akwai mai karanta su da jan biro a hannu. Yau abin da ake kira sharhi shi ne a sake ba da labarin a taƙaice, a tsine wa kishiya, a yi wa marubuciya addu'ar ƙarin basira, a rufe da jerin 'yan wasa. Wa zai gaya mata cewa babi na bakwai bai da aiki a littafin, ko cewa duk mutanenta, daga mai gadi har likita, da baki ɗaya suke magana? In ka faɗa a ce hassada ce.

Ba ina cewa kada littafi ya zama fim ba. Adamu Halilu ya ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1976, Umaru Ladan ya hau Shaihun, aikin ya yi kyau har aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Sai dai littafin ya haura shekara arba'in yana tsaye da ƙafarsa kafin kamara ta zo, kuma Tafawa Ɓalewa bai rubuta shi yana hangen kowa ba. Ban kuma ga laifin Fauziyya D. Sulaiman ko Nazir Adam Salih ba, da suka tashi daga littafi suka rubuta wa Arewa24 wasanni. Sun koyi wata sana'a ce mai ƙa'idojinta, suka yi ta da sunanta. Wanda fim yake so ya bi sawunsu, ya rubuta labarin fim fitowa-fitowa ya kai titin Gidan Zoo, daga Gyaɗi-Gyaɗi ko ɗan sahu ba sai ya hau ba. Can ma zai tarar darakta na da nasa 'yan wasan, furodusa na da tasa tauraruwar, kuma jerin sunayen da ya kwana yana tsarawa shi ne farkon abin da za a ajiye gefe.