Ba Kowane Icce Ne Na Tsakar Gida Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da mu mutanen Wurno da Rabah da Goronyo muke ɗauka ƙarami, alhali kuwa yana kayar da katanga, yana ɓata maƙwabtaka, wani lokaci ma shi ke raba mai cin tuwo da miya da mai cin gaya. Wato maganar irin iccen da mutum zai dasa a cikin gidansa.

Duk shekara in damina ta kankama za ka ji ana ta shela a rediyo cewa a dasa itatuwa, hamada na tafe. Wannan gaskiya ne, ba ni da ja. Jiharmu ta Sakkwato na cikin jihohi 11 da aka sa cikin shirin nan na kafa katangar itatuwa don tare hamada. To amma abin da ba a cika gaya wa talaka ba shi ne, wane icce zai dasa, kuma a ina. Sai dai ka ga mota ta zo cike da dashe cikin baƙar leda, a yi jawabi, a ɗauki hoto, kowa ya kwashi rabonsa ya nufi gida.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Shekarun baya an yi irin wannan rabo a garinmu, na samu turare biyu da dogonyaro ɗaya. Da yake banza ce ta samu, ban shawarci kowa ba, na jera su jikin katangar da ta raba ni da maƙwabcina, taku biyu daga bakin masai. Shekara uku ina ta alfahari da inuwa. A ta shida katanga ta tsage tun daga tushe, saiwa ta kutsa ramin masai, sannan iskar farkon damina ta karya reshen turare ya faɗa kan rumfar awakin maƙwabcin nan nawa, ya kashe masa akuya mai ciki. Mutumin da muka yi shekara ashirin muna cin tuwo akushi ɗaya, sai ga mu gurfane gaban mai unguwa. Na biya akuya, na biya masu sara, na biya magina. Ashe kyautar da tsada.

Kada wani ya ce na tsani dogonyaro. Ina! Baƙo ne dai, asalinsa ƙasar Indiya, an shigo da shi Nijeriya ta ƙasar Gana a 1928, aka fara da lardin Barno, amma baƙon ya yi mana rana. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙasar Sakkwato, lokacin da awon zafi ke haura 40, ya san darajarsa. Can ma kwarin Majiya a jihar Tawa ta Nijar, tun 1975 aka riƙa jera shi layi-layi a gonaki don ya tare iska, kuma manoma sun ga amfanin haka a geronsu. To kun ga wurinsa ke nan: bakin gona, bakin hanya, kasuwa, filin makaranta, ƙofar gida. Saiwarsa mai tafiya ce, in ta ji danshin masai ko rijiya sai ta bi shi duk inda yake. Mai faffaɗan gida na iya dasa ɗaya, amma ya ƙirga taku goma daga kowane gini.

Shi ko turare, wanda aka kawo daga Ostireliya, ni ban ga abin da ya kai shi tsakar gida ba sam. Ga shan ruwa, ga dabba ba ta cin ganyensa, da wuya wani abu ya yi kyau a ƙarƙashinsa, ga reshensa ba amana. Mai son sandunan rufi ya nemi fili bayan gari ya dasa abinsa. Haka durumi da cediya da gamji. Iyayenmu ba wawaye ba ne da suka bar su a dandali da ƙofar fada. Ba banza aka yi wa Sardauna, ɗan Rabah, laƙabi da Gamji ba, icce ne na taron jama'a, gidan mutum ɗaya ya yi masa kaɗan.

To wane icce ya dace? Ni a ganina tambayar ba ta maigida ba ce shi kaɗai. Maigida inuwa kawai yake gani, ya shimfiɗa tabarma bayan azahar. A tambayi uwargida, don ita ke wuni a gidan, ita ke sharar ganye, ita ta san abin da tukunya ke nema. Kuma jama'a mu gaya wa juna gaskiya, zamani ya canza. Da, yarinya kan ɗauki ƙwarya ta shiga daji ta ciko ta da kuka da tafasa da aduwa, ba mai fargaba. Tun daga harin Tabanni ta ƙasar Rabah a 2018, da wanda aka kai kasuwar Goronyo a 2021, da sauran waɗanda ba sa ƙirguwa, wa zai tura ɗiyarsa daji neman ganye? Abin da daji ke ba mu kyauta yanzu sai da kuɗi, wani wuri ma sai da kasadar rai. Saboda haka ɗan filin da ke bayan ɗaki ya zama gona, bai kamata a ba da shi ga iccen da ba a ci, ba a sayarwa ba.

Na farko a wurina zogale ne. Ba ya cin wuri, saiwarsa ba ta neman gini da faɗa, ana shuka ƙwayarsa ko a kafa reshensa, cikin wata uku zuwa huɗu an fara tsinka. Kuskuren da mutane ke yi shi ne barinsa ya miƙe kamar sandar tuta, ganye can sama sai an sa maƙata. A datse kansa daidai ƙirjin mutum, zai yi rassa ya cika da ganye inda hannun mace ke kaiwa. Gindi biyar ko shida jikin danga sun isa kwaɗon gida, har a dafa a ba yara su kai talla, abin da ya ragu a shanya a inuwa a ajiye don rani. Na san wata gwauruwa a unguwarmu da zogale da ƙuli-ƙuli kaɗai take saya wa marayunta sabulu da littafi, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa ba.

Sai lalle. Wannan yana jure ƙishi, yana zama shinge, kuma ba ya kwantai muddin ana biki ana salla. A tsinka, a shanya, a daka, a auna a kasuwar Achida ko ta Gandi. Bayansa sai gwanda, wadda ke haihuwa cikin shekara guda, sai lemun tsami da gwaiba, waɗanda ba sa girman da zai tsorata katanga. Ita gwanda a shuka uku ko huɗu wuri ɗaya, don akwai namiji da ba ya 'ya'ya, in sun yi fure a cire mazan a bar ɗaya. Har kuka ma ana iya shuka ta a fangali kamar alayyafo, a riƙa tsinkar ɗanyen ganyenta ba tare da an bar ta ta girma ba, kamar yadda ake yi a wasu wurare a Mali. Masu cewa kuka gidan iskoki ce, to wannan ba ta kai tsawon da iska zai samu ɗaki a cikinta ba. A ƙarƙashin waɗannan kuwa, da damina, ga sure ga guro ga rama, ga kabewa a hau da ita kan rumfa ta ba da inuwa ta ba da miya.

Amma fa a lura, ƙasarmu ba ɗaya ba ce. Abin da ya karɓi mutumin fadamar Gulbin Rima ba lalle ya karɓi na tudu ba. Wanda ke kusa da gulbi, inda ruwa ke kusa, mangwaro da gwaiba da lemu za su yi masa kyau. Sai dai ya tuna da 2010, shekarar da ruwan madatsar Goronyo ya malale garuruwa da gonaki. Gwanda da zogale ba sa son ruwa ya kwanta musu a gindi, 'yan kwanaki kaɗan saiwa ta ruɓe, don haka a tara musu ƙasa a dasa su bisa tudu. Shi kuwa mutumin tudu, wanda ke sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa, ya daina wahalar da kansa da mangwaro. Ita kanta madatsar, duk girmanta, a 2018 sai da ta kusa ƙafewa, balle rijiyar gida. Ya koma ga namu na gado waɗanda suka san ƙishi: magarya, kurna, aduwa, da tsamiya in akwai fili. Ko sunayen wurarenmu sun isa shaida, ga Magarya a Wurno, ga Tsamiya a ƙasar Rabah. Magarya dai yara su ci 'ya'yanta, awaki su ci ganye, ƙayarta ta yi shinge, ranar da aka yi rashi kuma ba sai an bi gida-gida ana neman ganyen wanka ba.

Akwai kuma waɗanda ake bari su tsiro cikin gida da sunan magani ko shinge, alhali da ƙananan yara. 'Ya'yan bini-da-zugu da na zurman guba ne in yaro ya ci, zaƙami kuwa sunansa na biyu ya isa gargaɗi, haukata-yaro. Ruwan tumfafiya da na aguwa in ya shiga ido sai an ji jiki. Waɗannan a bar su bayan gari.

Ga masu sayen dashe a kasuwa, a buɗe ido. In an ce maka mangwaro mai aure ne, duba gindinsa ka ga tabon inda aka haɗa shi. In babu tabo, ƙwallo ne aka shuka, za ka yi shekara shida ko fiye kana jira, mai aure kuwa uku zuwa huɗu ya fara. Dabino ma haka, wanda aka shuka daga ƙwallo ba mai sanin namiji ne ko mace sai ya yi fure, bayan ka gama ba shi ruwan shekaru. A nemi ɗan da ya tsiro a gindin uwa mai haihuwa. Ku kuma 'yan'uwana 'yan kasuwa masu sayar da dashen, ku ji tsoron Allah ku faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin ledar.

Dashen kansa ba wuya. A bari ruwa ya zauna, wajen watan Yuli. A haƙa rami kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ɗanye yana ƙona saiwa yana kiran gara. A yage ledar kafin a binne, na sha ganin wanda ya binne da ita yana mamakin abin da ya hana iccen girma. A barbaɗa toka saboda gara. In rani ya yi, a binne tsohon tulu mai tsaga kusa da gindin a riƙa cika shi, ko a juya ruwan alwala da na wankin hatsi ya bi ta wurin. Babban abokin gaba dai akuya ce. Wanda bai tanadi ƙaya ko tsohon kwando ko bulo da zai kewaye dashensa ba, to abincin awaki ya dasa.

Kuma ba komai ne sai an saya ba. Mutanen Maradi tun wajen 1983 suka kama abin da suke kira sassaben zamani, wato in icce ya tsiro da kansa ko kututture ya yi toho, sai a rage masa rassa a bar mai ƙarfi ya tashi. Sau nawa magarya ko kurna ke tsirowa a kusurwar gida mu sa fartanya mu kashe, sannan mu je mu bi layin karɓar turare?

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da malaman gandun daji, kafin a rena dashen baɗi a zagaya a tambayi mutane abin da suke so. A raba kaya gida biyu, na bakin hanya daban, na cikin gida daban, kuma na cikin gidan a damƙa shi hannun mata. Hakimai da masu unguwanni su ma su sa baki tun icce na cikin leda, kada su jira sai an kawo musu ƙarar katanga.

Ni dai inda na sare turaren nan yanzu zogale shida ne da lalle da lemun tsami ɗaya. Maƙwabcina kuwa mun shirya, har iyalinsa kan aiko a tsinkar musu ganye.

Wassalam.

Naku mai karatu kullum,
daga Wurno, Jihar Sakkwato.